Bahago da Shuɗin Mashi

Masu jifan mashi suna da wata al'ada da 'yan kallo ba su sani ba, don a wurin atisaye ake yinta. Idan kowa ya jefa nasa, sai a jira na ƙarshe ya sauka, sannan a taka tare a je a ciro. Ana tafe ana hira, wanda ya iso inda mashinsa ya kafe sai ya tsaya, sauran su wuce. Ba sai an ɗauko abin awo ba, ba sai an yi gardama ba. Wanda ya rage yana tafiya shi kaɗai, shi ne gwani.

Shekara da shekaru Bahago ne ke ragewa. Da hagu yake jifa, da hagu yake komai in ban da cin abinci, wanda mahaifiyarsa ta gyara masa da dundu tun yana ƙarami. Da gora ya fara a filin makaranta, ya zo ya ci gasar ƙasa sau da yawa har masu sanarwa suka gaji da lissafi, suka koma cewa "kamar kullum". Ya ciyo zinare a gasar nahiya, nisan da ya jefa a can kuwa har yanzu babu ɗan ƙasar da ya kamo shi. Hukumar kashe gobara ta ba shi aiki da igiya a kafaɗa, ko da yake wutar da ya taɓa kashewa ba ta wuce ta risho ba. Abu ɗaya ne ya gagare shi: gasar duniya. Sau ɗaya gwiwar hannunsa ta hana shi, sau ɗaya kuma ƙasar ce ba ta tura kowa ba. Bana an ce za a tura mai mashi guda ɗaya tak, wanda ya ci gasar zaɓe. Gwiwar hannun kuma ta riga ta faɗa masa, ta hanyar da take magana kowace safiya, cewa bana ce ta ƙarshe.

Daga gasar nahiyar nan ya dawo da wani mashi shuɗi da aka ba shi kyauta, har kowa a filin ya san shi da Shuɗi kamar sunan mutum. Mashi ne mai haƙuri. Ko ka ɗan karkata hannu wajen saki, yakan gyara kansa a sama ya yi gaba. Na ma'ajin filin wasa kuwa tsofaffi ne masu taurin kai, igiyar mariƙinsu ta yi sulɓi, kowanne da inda ya karkace, kuma ba sa yafe kuskure ko na ƙwayar zarra.

Tela ya shigo harkar ne a makare. Magidanci ne mai shagon ɗinki a bayan kasuwa, ya kawo wa 'yan wasa kayan da ya ɗinka musu, ya ɗauki mashi da wasa ya wurga. Bahago ya ga yadda kafaɗar ta juya, ya ce masa gobe ya dawo ba tare da almakashi ba. Shi ya koya masa riƙo, shi ya koya masa gudun gefe da dasa ƙafa, shi ya damƙa masa Shuɗi ya ce ya saba da shi. Tela kuwa Yaya yake kiransa, kuma a bakinsa kalmar ba ta ladabi kaɗai ba ce. Duk filin an san Bahago da buɗaɗɗen hannu, shi ma ya san an san shi da haka, kuma yana jin daɗin abin, ba laifi.

Saura 'yan kwanaki gasar zaɓe, wata safiya suka jefa, Tela da Shuɗi, Bahago da na ma'aji. Suka taka tare. Bahago ya iso nasa ya tsaya, Tela ya wuce. Bahago ya yi dariya ya ce ai aikin mashi ne, a yi musanya. Aka yi musanya. Wannan karon Tela ne ya fara tsayawa, Bahago ya wuce shi ya je ya dafa Shuɗi. Yana sunkuyawa zai cire, ya hango ramin da jifan Tela na ɗazu ya bari a cikin ciyawa. Ramin yana gabansa, ba bayansa ba. Babu wanda ya lura sai shi. Ya kai ƙafa ya murje wurin kamar mai kashe kiyashi.

Dokar gasa ce ta ƙarasa dagula masa lissafi. Wanda ke son jifa da mashin kansa, dole ya miƙa shi ga alƙalai tun da safe, su auna nauyinsa da tsawonsa, su manna masa alama, su jera shi tare da sauran. Daga nan ya zama na kowa, duk mai so ya ɗauka, har a tashi. Wato ko dai su biyun su jefa Shuɗi, ko kuma babu mai jefa shi.

Ranar gasar Bahago ya sauko da Shuɗi daga ƙusoshin da yake kwanciya a kai a bangon falo. Ya tsaya riƙe da shi a bakin ƙofa, ya daɗe, sannan ya mayar da shi inda yake ya fita hannu rabbana. A filin, Koci, mai horar da su, ya tambaye shi ina mashin. Ƙaryar ta fito masa sumul, har shi kansa ya yi mamaki. Ya ce shekaranjiya, a hanyarsa ta gida daga atisaye, mashin ya zame daga saman mota ya bugi ƙarfen gefen titi ya lanƙwashe. Koci ya dafe kai. Tela da ke ɗaura takalmi ya ɗago ya yi tsuru-tsuru. Bahago ya ɗauka tsoron mashin ma'aji ne ya kama shi, sai ya kau da kai ya shiga miƙe kafaɗa.

Abin da ya lissafa shi ya faru, har ma ya wuce. Tela ya taka layi a jifansa na farko, aka ɗaga masa jar tuta. A na biyu ma haka. Sauran jifansa kuwa suka tashi da hanci sama suka faɗo kusa, kamar ba hannun da ya san mashi ne ya sake su ba. Bahago ya san kowane karkatacce a ma'ajin nan kamar 'ya'yan cikinsa. Ya zaɓi mai jan mariƙi wanda ke ja hagu, ya ba shi abin da yake so, ya jefa jifan da shekara biyar baya zai ji kunyar a auna masa, kuma ya isa. Wanda ya fara rungume shi Tela ne.

Tun a mota daɗin ya fara tsami. Rediyo na ta maimaita labarin gwarzon da ya rasa mashinsa ana jibi gasa amma bai karaya ba. Yana jin haka ya tuna cewa 'yan taya murna suna nan tafe, mashin kuma yana kwance a bangon falo lafiyarsa ƙalau yana jiran baƙi. Ya taka mota kamar da gaske gobara zai je kashewa.

Wanda bai taɓa ɓoye mashi a gida mai ɗaki biyu ba, bai san tsawon mashi ba. Bayan kujera bai ɗauke shi ba. A tsaye rufin ɗaki ya hana. Kan sif ya leƙo ta gefe biyu. Daga ƙarshe ya tura shi ƙarƙashin gado a karkace, wutsiyar ta rage a waje wajen ƙofa, ya jefa mata tawul. Baƙi suka zo suka cika falon, suka sha shayi, suka dubi ƙusoshin bango babu komai a kai suka jajanta masa. Wani abokin aikinsa har cewa ya yi shi da a ce shi ne, da kuka zai zauna yi. Bahago ya yi murmushi, ya ajiye kofin shayinsa.

Matarsa malamar makaranta ce, Malama yake kiranta, kuma ba ta da saurin magana. Ita ma a rediyon ɗakin malamai ta ji labarin. Da ta dawo ta gaisa da baƙi, ta shiga ɗaki sauya kaya, ta yi tuntuɓe da tawul. Ta jira har aka watse, ta wanke kofuna, ta ba yara aikin gida, sannan ta kira shi ta janyo mashin gaba ɗaya ta ɗora a kan gado. Ta bi shi da ido daga tsini zuwa wutsiya, ta tambaye shi a ina ne ya lanƙwashe, don ita idonta bai gani ba.

Ya yi mata bayani mai tsawo. Ya ce babu dokar da ta tilasta wa mutum kawo mashinsa, nasa ne, ya ga dama ya bar shi a gida. Ya ce Tela yaro ne, yana da shekaru a gaba, shi kuwa wannan ce kaɗai ta rage masa. Ya ce da irin mashin da kowa ya jefa ya ci, bai tauye awon kowa ba. Duk gaskiya ne, kuma yana faɗa yana jin yadda maganar ke fita ba nauyi.

"To in haka ne me ya sa ba ka ce ka bar shi a gida ba?" in ji ta. "Ni dai ba zan kai maganarka ko'ina ba, Baban yara. Amma ka ɗauke shi daga ƙarƙashin gadona, ba zan kwana a kansa ba."

Kwanakin da suka biyo baya ba su yi masa daɗi ba. Aka kai shi ɗaukar hoto, aka auna shi za a ba shi kayan tawaga, shugabansa a wurin aiki ya tara ma'aikata ya ce su yi koyi da shi. Ko'ina ya je sai an taɓo zancen Shuɗi, shi kuma sai ya ƙara wa labarin wani abu don ya zauna: wai a kwanar gidan mai ne, wai har ya ji ƙarar faɗuwar. A wurin atisaye yakan jefa ya taka shi kaɗai, don Tela bai sake leƙo filin ba, wayarsa ma ba ya ɗagawa. Bahago ya ce wa kansa haushin faɗuwa ne, zai huce. Can ƙasan ransa kuma tsoro yake ji kada ya zamana Tela ya gane. Abinci ya daina yi masa ɗanɗano. Kunya yake ji, irin wadda ba ta bari mutum ya haɗa ido da 'ya'yansa.

Sai Koci ya kira shi da albishir. Hukumar wasanni ta yarda za ta sayo masa sabon mashi irin Shuɗi kafin tafiya, amma sai an kai musu lalataccen sun gani da idonsu. Ya kawo shi yau. Kuma in zai biyo ta bayan kasuwa, ya janyo masa kunnen Tela ya taho da shi.

A nan fa hanya ta rabu biyu, kuma Bahago ya gan su duka biyun sarai, kada wani ya ce ruɗewa ya yi. Ya zauna bakin gado ya yi tunanin hotonsa da ke bangon filin wasa, da mai rediyo, da shugabansa, da yadda za a riƙa faɗin sunansa daga yau. Sannan ya tashi ya ɗauki mashin ya zagaya bayan gida, inda ake shanya.

Rana tsaka ce, yara na makaranta, maƙwabta sun tafi aiki. Ya gitta Shuɗi a kan kwata ya hau tsakiyarsa da ƙafa biyu. Mashin ya lotsa, ya dawo ya miƙe, ya kusa kayar da shi. Haka aka ƙera shi, ya sha wuya ya koma daidai. Ya sake hawa, ya sake dawowa. Sai ya cusa tsinin a ƙarƙashin ƙofar ƙarfe ta bayan gida, ya kama wutsiyar da hannun hagu, hannun da ya ci duk abin da ya ci da shi, ya ɗaga da dukan ƙarfinsa. Ya ji wata 'yar ƙara kamar an taka gwangwani, mashin ya saki. Bai tsaya nan ba, don maƙaryaci ba ya rasa dabara: ya goga wurin a kan siminti har fentin ya kankare, ya yi kama da abin da ya sha titi. Da ya ɗago, ya ga Malama a tagar kicin, ta dawo cin abincin rana. Ta dube shi, ta dubi mashin, ta ja tagar ta rufe.

Ya ɗaure shi a saman mota ya nufi bayan kasuwa. Shagon Tela ɗan ƙarami ne a jerin shagunan ɗinki, ƙyallaye a ƙasa, alli da almakashi a kan tebur, fanka na juyawa tana kaɗa rigunan makaranta da aka rataye. Tela na kan keke ya duƙufa. Ya rame. Da ya ga wanda ke bakin ƙofa, sai ƙafarsa ta tsaya a kan feda, ya miƙe ya gaishe shi ido a ƙasa. Bahago ya isar da saƙon Koci. Tela kuwa ya riga ya hango abin da ke saman motar.

Ya fita ya kwance igiyar ya sauko da mashin. Ya shafa inda ya karye ciki, ya shafa inda fentin ya kankare, a hankali, kamar mai duba ciwon yaro. Sai kawai ya durƙusa a nan bakin titi, mashin a kan cinyarsa.

"Yaya, ni na ɗaure shi."

Bahago bai gane ba da farko. Sai abin ya faɗo masa. A filinsu ƙarami ne ke ɗaure wa babba kaya a mota bayan atisaye, abin ya zama jiki har babban ba ya ma waiwayawa. Ranar atisayen ƙarshe Tela ne ya ɗaure Shuɗi. Da Bahago ke ƙirƙiro ƙaryarsa, ya tuna da titi, ya tuna da ƙarfen gefen titi, bai tuna da hannun da ya ƙulla igiyar ba.

Tela ya ci gaba da magana. Ya ce ƙulli ɗaya ya yi, da niyyar ya zagaya ya ƙara, sai mai kaya ya kira shi a waya yana masifa a kan ɗinki, ya manta. Ya ce tun da ya ji labarin a safiyar gasa bai ƙara sanin inda yake ba, ko layin jifa ba ya gani, abin da yake gani kawai igiyar nan. Ya so ya faɗa a ranar, bakinsa ya ƙi. Mutum ya ɗauke ka daga kan keken ɗinki, ya ba ka abin da ya fi so a duniya, ka saka masa da wannan, ana jibi gasar da ya jira duk rayuwarsa. Ya ce ya bar jifa, takalman ma ya bayar. Abin da yake roƙo kawai a yafe masa.

Maƙwabtan shago sun fara leƙowa. Bahago ya tsuguna shi ma. Duk abin da ya karya mashin don ya tsare, a lokacin ya ji bai kai ƙyallen da ke ƙasan shagon daraja ba. Ya faɗa masa komai, a gaban masu leƙe, bai rage ba. Ramin da ya murje da ƙafa. Tsayuwarsa a bakin ƙofa. Ƙarƙashin gado da tawul. Kwata da ƙofar ƙarfe, yau ɗin nan, ko awa biyu ba a yi ba.

"Ƙullinka bai kwance ba," ya ce. "Lafiya lau na kai shi gida. Tsoronka na ji, na ɓoye shi. Ni na karya shi da hannuna."

Tela ya saurare shi har ƙarshe. Ya dubi mashin, ya sa babban yatsa ya bi kankararren fentin, inda siminti ya ci ƙarfen. Sannan ya ɗago da jajayen idanu ya yi wani ɗan murmushi mai ban tausayi.

"Allah ya saka da alheri, Yaya. Na san halinka. Amma ba sai ka ɓata kanka don ni in ji sanyi ba. Ga shaidar titi a jikinsa."

Bahago ya rantse. Ya ce a kira Malama a tambaye ta. Tela ya ce ai Anti ba za ta ƙi rufa wa ƙaninta asiri ba, ya san tare suka shirya. Bahago ya ce to yanzu zai je ya faɗa wa Koci, a sake gasar ko a ba Tela kujerar zuwa gasar duniya. Tela ya girgiza kai ya ce in ya yi haka, shi ma zai je ya rantse a kan ƙulli ɗayan da ya yi, kuma ba zai karɓi kujerar da aka ba shi don tausayi ba, a kan laifin da ya riga ya ɗauka. Wani dattijon tela daga shagon gefe ya share ido da gefen riga, ya ce wa na kusa da shi tun da yake bai taɓa ganin mutum mai kirkin wannan ba, a ce ka ɗora wa kanka sharri don yaronka ya samu barci. Sauran suka gyaɗa kai.

Bahago ya dube su ɗaya bayan ɗaya yana neman wanda zai yarda cewa shi mugu ne, bai samu ba.

Tela ya miƙe ya karkaɗe gwiwa, ya ce Koci na jira, kada a makara, sabon mashin ya fi komai muhimmanci yanzu. Ya ɗora Shuɗi a saman motar ya shiga ɗaurewa. Ya zagaya gaba ya zagaya baya, ƙulli kan ƙulli, yana ja da haƙori, har igiyar ta ƙare. Sannan ya ja da baya ya goge hannu a wando.

"Taɓa ka ji, Yaya. Don Allah ka duba da kanka."

Bahago ya kai hannun hagu ya ja igiyar. Ko motsi ba ta yi ba.